Takalmin Hagu

Jiya a hanyar Kurni motona, wato babur, ya ƙi shiga giya ta biyu. Ban san lokacin da na duƙa na dubi takalmina na hagu ba, sai Baba makanike ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa.

Shi ba ya kwance inji sai ya ga takalmin mai moto. Wata ranar kasuwar Matameye na tura masa nawa cikin gumi, giya ta ƙi shiga. Inna na kwance ba lafiya a ƙauye, ni ake jira in kawo ta asibiti, an kuma ce mini sai an farke injin. Rumfarsa na warin baƙin mai da hayaƙin shayi.

"Malam, miƙo ƙafa," in ji shi. Ya shafa inda fatar ta ƙoƙe, ya yi dariya. "Kai giya kake sawa, ko ƙasar gini kake kirɓawa? Injinka lafiya lau yake."

Ashe tattakawata ce ta sassauta ƙarfen giyar, yana juyawa a banza. Ya ɗaure ƙusar da ke riƙe da shi, ya ja wayar kuloci kaɗan. "Tafi ka ɗauko tsohuwa. Ka taka a hankali."

Kafin azahar likita ya ga Inna.

Jiya ma ƙusar ce. Na ɗaure ta da hannuna, na isa gida. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sauƙaƙa masa kamar yadda shi ma ya sauƙaƙa mana.