Lambatun da ya tsaya a ƙofata

Ranar da na fita takaba, Birkila ya shigo da cokalinsa na gini da rabin buhun siminti, ya toshe tsagar bangon ɗakina. Da na yi godiya ya ce, "Haba Inna, marigayi ne fa ya fara ba ni aiki."

Haka yake, ba ya da yawan magana, ga aiki mai kyau. Da 'yan jam'iyya suka tsayar da shi kansila, na bi layi cikin rana na zaɓe shi, duk da mijina ɗan ɗaya jam'iyyar ne.

Damuwarmu ɗaya a layinmu, ruwan sama. Da an yi kamar da bakin ƙwarya sai ya shigo mana ɗaki. Birkila ya yi shekara biyu yana zirga-zirga kan maganar lambatu. In ya kawo ta majalisa, 'yan adawa su tashi su fice, don kada a ce a zamaninsa aka yi. Ya rame, hularsa har ta yi masa yawa. Na yi ta sa shi a addu'a.

Da aka amince, sai 'yan jam'iyyarsa suka taso. A nan kowa yana shafa wa bangonsa fentin jam'iyyarsa. Gidajen saman layin kore ne, launin su Birkila, daga nawa zuwa ƙasa ja. Ni jan nan ko zaɓensa ban yi ba, marigayi ne ya bari aka shafa. Shugaban jam'iyya ya tsaya a ƙofata yana nuna bangon da makullin mota. "Kansila, jajaye za ka yi wa aiki? Su sha ruwan, ai ba su da ƙishirwar zaɓe." Aka yi dariya. Birkila ya sunkuyar da kai.

Lambatu ya taho tiryan-tiryan, ya tsaya daidai inda kore ya ƙare. Yanzu ruwan layin gaba ɗaya a ƙofata yake juyewa. Katifata kan bulo huɗu take, Alƙur'anina a saman kwaba.

Ana gobe masu duba aiki za su zo, Birkila ya shigo da hantsi, ya tsugunna nesa da tabarmata, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Inna, alfarma nake nema. In sun tambaya, ki ce ke kika hana a haƙa ƙofarki."