Tashar Nguru a tsakar gidanmu na Jaradiya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habu, Allah Ya jiƙansa da rahama. Har yau idan hadari ya taso a Riyad, ba shanya nake fara kwashewa ba. Leda nake ɗauka in ruga tsakar gida in rufe tashar jirginsa.

Bari in yi bayani, kada a ce na zautu. Yaya Habu direba ne a wani gida a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Da maigidansa zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa wani jirgin ƙasa na wasa mai batir, haɗe da layin dogonsa. Kowa ya ce ya sayar. Shi kuwa ya shimfiɗa layin a tsakar gidanmu na haya a unguwar Jaradiya, ya zagaye gindin dabino da shi, ya ce jirgi ba ya tafiya babu tasha. Tashar Nguru zai gina, inda mahaifinmu ya yi aiki har ya tsufa.

Kuma da ƙasa ya gina ta, ba da katako ba. Yakan zauna bayan la'asar yana mulmula tubali ƙanana kamar ƙwallon dabino. Tsinken ganyen dabino ne azararsa, gwangwanin madara ne indararo. Ya yi tasha, ya yi masallaci da zankwayensa, har rumfar mai tsire bai manta ba. Na sha yi masa tsiya: "Yaya, gemai-gemai da kai kana wasan ƙasa?" Amsarsa ɗaya ce: "Kai ka san Nguru. Hafsa fa?" Hafsa 'yarsa ce, a nan aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta.

Ruwan Riyad ba ya yawan zuwa, amma ranar da ya zo, wayyo! Ruwan farko ya narkar da aikin gaba ɗaya. Yaya ya tsaya yana kallon caɓi, ya ce ai gini babu makuba gayyatar ruwa ne. Makuba ɓawon 'ya'yan ɗorawa ce, ana jiƙa ta a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwanta, bango ya yi tauri. To ina ɗorawa a Saudiyya? Mai nema yana tare da samu. Ɗalibai masu dawowa daga hutu ya riƙa roƙo, suna cusa masa ita tsakanin kuka da daddawa. Ya sake gini daga tushe, kuma duk shekara sai ya yi yaɓe kafin sanyi ya shigo.

Yanzu akwai injin da ke fitar da ƙananan gidaje na roba, ka yi oda ta waya a kawo maka har ƙofa. Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya gani. Ina jin zai juya gidan a hannu, ya yaba, sannan ya ajiye. Shi a wurinsa amfanin ginin ƙasa shi ne ba ya yarda ka manta da shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Bana ruwa ya riske ni a kasuwar Aziziya ina sauke kayan miya. Kafin in iso, bangon tasha na gabas ya zube, ga makuba ta ƙare. Matata ta ce in sayo na roba in huta, tunda baya ya fara ciwo, ido ma ba kamar da ba. Gaskiya ta faɗa, amma wallahi raina ya ƙi. Na ce ko da rarrafe ne sai na tayar da bangon nan.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. Makon jiya Hafsa, wadda yanzu ta zama budurwa, ta dire ƙullin leda a gabana. Da kanta ta roƙi matar wani ɗalibi ta taho mata da ƙullin daga gida.

"Yalla, Baffa, ga makuba," in ji ta. "Nuna min yadda Baba yake kwaɓawa."

Yaya bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ya bar yarinyar da ba ta taɓa taka Nguru ba, amma ta san bangon tashar garin yana jiran hannunta. Tubalinta na farko duk a karkace suke, kuma ban gyara ko ɗaya ba. Juma'a mai zuwa, in Allah Ya yarda, jirgi zai tsaya a tasha.