Koren da Baba Usur Ya Riƙe

Shekara ashirin da biyu Baba Usur ya yi yana ba da hannu a tsakiyar titi, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Likita ya rubuta cewa in ya ci gaba da tsayuwar yini, sandar guragu na jiran sa. Shi ne aka turo mana shi ɗakin kula da zirga-zirgar motoci, ya koyi aiki na wata shida. In ya ci, ya samu kujera. In ya faɗi, ya koma titi. Ni aka ba shi, ni da ban kai babbar 'yarsa ba, amma bai taɓa kira na da wani suna ba sai Malama.

Ɗakin namu ba taga, sai allunan kyamara goma sha shida a bango da na'urar sanyi mai kama ƙashi. Makon farko abokan aiki suka mai da shi abin dariya, don da ya ga mota ta keta danja a allo sai ya ɗaga mata hannu. Dariyar banza! Mutumin nan daga yadda layin motoci ya karkata yake gane mota ta mutu a inda kyamara ba ta kai ba. Mu masu takardu sai rediyon oba-oba ta gaya mana.

Dokarmu ita ce mai koyo ba ya taɓa madannin fitilun titi sai malaminsa na zaune. Ranar wata Talata da hantsi, saura mako uku ya gama, makarantar ɗana ta kira ni. Na ce, "Baba, riƙe min kujera, minti biyu." Minti ashirin na yi a baranda ina masifa a waya.

A lokacin motar asibiti ta maƙale a mahada ta tara. Baba ya cire fitilun daga hannun na'ura, ya riƙe mata kore har ta fice. Daidai ya yi, ko ni abin da zan yi ke nan. Amma a titi, in ka sauke hannu an gama. A nan sai ka mai da fitila hannun na'ura da kanka, shi kuwa bai mayar ba. Ɗaya hanyar ta zauna a ja kwata guda, cunkoso ya kai gada, a ciki har da motar wani babba.

Oga ya faɗo ɗakin yana huci. "Wa ke kan tebur na uku?"

Na dawo ke nan, wayar ma ba ta huce a hannuna ba. Baba ya miƙe da ƙyar, ya ƙame. "Ni ne, yallaɓai. Malama ta juya ɗaukar rajista na kai hannu, ba ta sani ba."

Oga ya dube ni. "Haka ne?"

Wallahi shiru na yi, na bar dattijo da furfurarsa ya yi ƙarya don ya rufa min asiri. Oga bai tambayi ko mara lafiyar ya isa asibiti ba, ko kyamarar baranda bai duba ba, don ya samu wanda zai miƙa wa na sama. Washegari na same shi a ofis na faɗi gaskiya. Ya ce takardar mai da Baba titi ta riga ta wuce, in kuma ina son tawa sai ya rubuta. Na ja ƙafa na fito, ina jin haushinsa, amma haushin kaina ya fi ci na.

Da Baba ya zo kwashe kofinsa da tabarau, na tare shi. "Baba, me ya sa? Wa ya roƙe ka?"

"Ke kina da yara ƙanana, Malama," ya ce. "Ni nawa sun girma."

Fitilun mahada ta sha ɗaya sun lalace tun bara, can aka kai shi. Kyamararta a teburina take. Kullum ƙarfe bakwai yake fitowa, wajen sha ɗaya ya fara jingina da turken fitila a gefen titi yana musanya ƙafa. Aikina ne in rubuta sunan duk ma'aikacin da ya bar tsakiyar titi.