Bargi Biyu a Kwamin Mama

A shekarun da ruwa ya daina malala a fadamun Haɗeja yadda ya saba, saboda madatsun da aka gina can sama, kifin nan bargi ya yi wuyar gani a kasuwa. Sai aka ce za a farfaɗo da shi. Mu mutanen kudancin Kaduna ne, aiki ya kawo babana sashen gona na ƙaramar hukuma, kuma iyakar saninsa da kifi shi ne na cikin miya. Shi aka ɗora wa aikin.

An raba nauyi kamar naman watanda. Turawan da suka kawo shirin su ne da sayen iyayen kifi, gwamnatin jiha ita ce da haƙa tafki, ƙaramar hukuma kuwa ta ba da masauki kafin a gama haƙan. Turawa, da yake ba su san halinmu ba, suka cika alkawari a kan lokaci. Ran nan sai ga mota a ƙofar gidanmu da bargi biyu a cikin duro, alhali ko filin tafkin ba a auna ba.

Masaukin da ƙaramar hukuma ta samar shi ne kwamin simintin da Mama ke tara ruwan wanka da wanki.

"Baban yara, waɗannan kuma waɗanne irin baƙi ne?" in ji Mama.

"Na gwamnati ne, kwana kaɗan za su yi. Ki lallaɓa su, in ɗaya ya mutu aikina ya tafi."

"To, wa zai ciyar da su?"

Baba ya sosa ƙeya. Duk zaman da manya suka yi, ba wanda ya tuna cewa kifi yana cin abinci.

Haka ciyarwa ta faɗo kan Mama. Ta rage wa kajinta dusa, ta riƙa daka ƙuliƙuli tana watsa musu tana zagi: "Ku ci, 'yan cin banza!" Ruwan garuwa mai kyau nasu ne. Ni da ƙannena muka koma wanka da wanda suka gama da shi, in za mu makaranta kuliyoyin unguwa na raka mu. Na tsani kifayen nan, ba zan ɓoye ba.

Kwana kaɗan ya zama shekaru. Masu duba aiki su zo, su leƙa kwami, su ci shinkafar Mama, kowa ya ce nasu ɓangaren ya sauke nauyinsa. Daga baya an haƙa tafkin a wani tudu ta wajen Miga, sai kuma aka tarar ba a faɗi wanda zai zuba ruwa ba. Aka koma teburin shawara.

Wata Kirsimeti albashi bai zo ba, ko ƙashi babu a gidan. Na ga Baba tsaye a bakin kwami, ya daɗe yana kallon kifayen, waɗanda a lokacin kowanne ya kai tsawon hannuna. Ba kallon ma'aikaci yake musu ba. Mama ta fito daga kicin ta jawo tabarma ta rufe kwamin.

"Kul! Abin da na raina da hannuna? Sai dai ka fara dafa ni."

A ranar, da miyar kuka muka yi biki. Daga nan ta daina ɓoye son da take wa kifayen. Tana zama a bakin kwami tana ba su labarin 'yan zumuntar matan coci, tana kiran mai tsagaggen wutsiya "maigidan ruwa".

Wata damina ruwa ya dawo da fushinsa. Da hantsi kogi ya shigo unguwa, ya cika tsakar gida, ya shafe bakin kwami. Muna ta kwashe katifu sai muka ga bargi biyu sun ratsa tsakar gida a jere, sun bi ta ƙofa sun fita. Mama na tsaye, ruwa har gwiwa, da kwanon dusa a hannu.

"Ko sallama babu," ta ce.

Baba ya shirya karɓar kora. Ashe yabo ke jiransa: kifi sun koma kogi ba tare da an kashe ko kwabo a kan mota ba, kuma duk ɓangarorin uku suka ce nasararsu ce. A jawaban da aka yi ba a ambaci dusa ba.

Mama ba ta sake cin bargi ba. In ta je kasuwa sai ta bi tiren masu kifi tana ɗaga wutsiyoyi ɗaya bayan ɗaya, har suka saba da ita suna mata tsiya. Wata rana ta dawo da ɗan ƙaramin bargi mai rai a cikin kwano, ta saye shi da kuɗin cefane. Ta miƙo mini.

"Maza ka kai shi kogi."

"Mama, me za mu ci?"

"Dubi goshinsa," ta ce, idonta ya ciko. "Jikana ne."