Ruwan Mantuwa

Ranar Asabar da ta wuce jikata ta kunna wani shiri a talabijin a nan gidana na Birnin Kebbi, irin na mutanen nan masu yawo a jirgi tsakanin taurari. Sun sauka wata duniya inda sojoji suka ƙone wani gari, sannan aka ɗaura musu na'ura a ka ta goge musu abin da suka aikata. Ban iya kai ƙarshensa ba. Na ce mata ƙafa ke damuna, na shige ɗaki, alhali Argungu ce ta faɗo mini a rai.

A shekarar da aka sauke tutar Turawa ina da shekara tara. Gidanmu a Argungu na masunta ne. Bayan magariba kakarmu Inna Tumba takan zauna gaban wutar banda tana juya kifi, mu kuma mu kewaye ta, rabi don tatsuniya, rabi don kan tarwaɗar da take ba wanda ya natsu. Ni ban cika samu ba, don bakina ba ya rufuwa.

Baba shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko itace take so a faskara, sai ta ce mini, "Hajo, hwaɗa ma wancan iccenmu ya ƙare," alhali yana zaune taku biyar daga inda take. Ya je yaƙin Bama a ƙetare cikin sojan Turawa tun ba a haife ni ba, ya dawo ba ya son magana. Ranar da duk aka sa wa karan shinkafa wuta a fadama, kwalekwalensa yake shiga, ba a ganinsa sai hayaƙi ya lafa.

Ni ce na fara lura cewa akwai wata tatsuniya da Inna ba ta yi sai Baba yana gefe yana gyaran homarsa ta kamun kifi. In ba ya nan, ta kura da biri muke sha. In yana nan sai ta gyara zama ta ce, "To ga wata nan tahe, ku ba ta wuri."

Wai wani sarki ne ya tura maharba ƙetaren kogi, aka ce musu abokan gaba sun ɓuya cikin wani rumbu. Aka sa wa rumbun wuta. Da kuka ya tashi sai suka ji na mata ne da jarirai. A hanyar dawowa suka tarar da wata rijiya wadda duk wanda ya sha ruwanta zai manta abin da ya yi. Kowa ya sha, suka shiga gari da kiɗa, suka yi aure, suka yi ƙiba. Ɗaya ne kawai ya kai ruwan baki ya zubar.

"To wa yah hi?" Inna takan tambaya. "Waɗanda sunka sha, ko wanda yaƙ ƙiya?"

Mu yi ta ihu, kowa da nasa. Amma ba mu take kallo ba. Idonta na kan hannun Baba, ni kuma nawa na kan nata. Na ga yadda zaren ke tsayawa a yatsunsa idan aka zo wajen jarirai. Na kuma sha tarar da ita da mahaifiyata suna ƙus-ƙus a bakin turmi, in na iso su koma zancen daddawa. Sai daga baya na san Baba yana magana cikin barci, mahaifiyata ke kwaso wa tsohuwa guntu-guntu, ita kuma tana harhaɗawa. Tun lokacin zuciyata ba ta kwanta ba. In ya miƙo mini ƙosai sai na dubi hannun kafin in karɓa, in ji kunyar kaina, in sake duba.

Wannan shekarar Inna ta fara tari mai jini, ta kuma san abin da hakan ke nufi. Wata ranar Laraba ta yi tatsuniyar kamar kullum, amma da ta zo ƙarshe sai ta canja tambaya.

"Hajo, tashi ki tambayi wancan, tunda shi ya ga duniya. Maharbin da yaƙ ƙi sha, shi yas sa wutar, ko kallo dai yay yi?"

Na taka takun nan biyar, na maimaita wa Baba abin da ya riga ya ji.

"Hwaɗa ma tsohuwa ta yi kuskure," ya ce. "Rumbun ukku na, ba guda ba."

Na kai mata. Ƙannena suka yi dariya, wai Baba ma ya iya tatsuniya. Inna ta ce, "Ba shi nit tambaya ba. Koma."

Na koma.

"Hwaɗa mata an ba shi umurni." Ya ja zaren har ya tsinke. "Amma ashanar tashi ta."

Na kawo wannan ma, ban rage ko kalma ba. Inna ta bar kifin da ke kan wuta har ya ƙone. Sannan ta ce mu je mu kwanta, ta kira mahaifiyata ta kama ta zuwa ɗaki. Ba ta sake yin tatsuniyar ba, kuma ba ta ga damina ba.

Na daɗe ina jin haushinta. Na ɗauka tona masa asiri ta so yi a gaban 'ya'yansa. Da na haifi nawa na girma da su, sai na fara zargin wani abu dabam: wataƙila duk watannin nan fata take ya ce kallo kawai ya yi, ko da ƙarya ce, ta tafi kabari da ita. Shi kuwa ya ƙi yi wa uwarsa ƙarya. Har yau ban san ko kyauta mata ya yi ba.

Dukansu sun rasu, Allah Ya jiƙansu. Ƙannena ba su tuna komai ba, 'ya'yana kuwa jarumi suke kiransa, ni ma ban musa ba, don ina son mahaifina. Amma bayan kowace sallah nakan roƙa wa wasu mata da jarirai rahama, ban san sunansu ba, ban san addininsu ba, ban san sunan garinsu ba. Iyakar sanina, babu wanda ya rage a duniya yana tuna su sai 'yar wanda ya ƙyasta ashanar.