Allurar Mai Shawara

A shekarun da na yi ina aikin jinya a ɗakin masu ciwon ciki da hanta a Gusau, ba abin da ya sha ƙona mini rai kamar maganar nan ta mutanenmu cewa mai ciwon shawara ba a yi masa allura.

Wata damina aka kawo mana wani dattijo manomi daga Bungudu, idanunsa sun yi ɗorawa, jikinsa zafi rau. Likita ya ce matsarmamarsa ce ta kumbura, in ba a sa masa magani ta jijiya ba, da wuya ya kai mako. Ina zuwa da allura ya cusa hannuwansa cikin riga.

"Ɗiyata, ba ni yarda," in ji shi. "Wana allura tak kashe shi."

Ni da ma ba haƙuri gare ni ba. Na yi ta faɗa, ya juya mini ƙeya. Da na gaji sai na ja kujera na zauna.

"Baba, nawa mahaifin ma shawara ce ajalinsa," na ce. "A gida, da jiƙo tulu guda, allura ba ta taɓa shi ba. Shi ya sa nake wannan aikin."

Sai ya kira matarsa, ya gaya mata inda ya ɓoye irin wake, ya nemi ta yafe masa, sannan ya miƙo hannu ya runtse ido. Tausayinsa ya kama ni, don shi a ransa mutuwa ya miƙa wa hannun.

Kullum da safe nakan ja fatar idonsa in nuna masa a madubi. Ɗorawar ta yi ta kwaranyewa. Ranar da ya ce kununmu ba tsamiya, na san mun haye, har na yi masa tsiya da wasiyyar wake.

Na ɗauka na raba shi da camfin. Bayan kaka sai ga shi riƙe da maƙwabcinsa, shi ma ido ɗorawa. Abokiyar aikina ta taso, ya tare ta.

"A'a, Malama, allura kisa takai," ya ce, ya nuno ni. "Ta waccan ce kaɗai ba ta kisa."

Ya naɗe wa mutumin hannun riga da kansa. Na yi dariya har da ƙwalla, na ɗauko auduga.