Ummuhani da Ciyawar da Ta Cinye Gonar Mahaifinta

Ummuhani Haladu ta gama karatun aikin gona a Gadarif a shekarar 2011, ta yi shekara biyu tana yawo da takardunta ofis-ofis. Duk inda ta je sai a ce ta dawo bayan Idi. Da ta gaji, ta kama aiki a shagon wani mai suna Taha a bakin kasuwa, inda ake buga wa mutane takardun koke da na neman aiki.

Ba ta iya zama wuri guda. In babu mai buga takarda sai ta tashi ta leƙa titi, ta dawo, ta gyara laffayarta, ta sake tashi. Taha yakan ce mata, "Ya ustaza, kujerar nan ba ta cizo."

Abin da ke hana ta sakat shi ne gonar mahaifinta, Malam Haladu, a wani ƙauye kusa da Ƙala'at an-Nahal. Kakanninsa makiyaya ne, shi kuwa dawa yake nomawa. Shekaru huɗu ke nan wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da mutanen yankin ke kira buda, tana shanye masa dawa tun daga saiwa. Gonar da ke ba da buhu arba'in ta koma ba da goma sha biyu. Ummuhani ta karanta ciyawar a makaranta, ta ci jarrabawa a kanta, amma ba ta taɓa cire ko ɗaya da sunan gwaji ba.

A farkon 2014, tana lalube a kwamfutar shago, ta ci karo da wani kwas na kyauta a intanet kan yunwa da ƙarancin abinci a duniya. Ta yi rajista ba tare da ta gaya wa kowa ba. Turancinta ba shi da ƙarfi, don haka da ƙamus a gefe take sauraron darasi, ta tsayar, ta koma baya. A mako na uku aka raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane ya zaɓi matsala ɗaya. Nata rukunin mutum huɗu ne: ita, da wani malamin gona daga Gondar a Habasha, da wata ɗaliba daga Indiya, da wata mata mai suna Hanatu daga Maraɗi. Ummuhani ta tura hoton gonar mahaifinta. Ashe uku daga cikinsu sun san furen nan a gonakin garinsu.

Ranar da suka fara magana ta waya, Hanatu ta ji Ummuhani ta ce wa wani a shago "ina zuwa", sai ta katse Turancin.

"Ke, Bahaushiya ce?"

"Ai wallahi. Kakana daga wajenku ya taso zuwa Makka, ya tsaya nan."

Hanatu ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce Hausar Ummuhani rabinta Larabci ne, amma daga ranar da Hausa suke aikinsu. Hanatu ta gaya mata yadda manoman wajensu ke haɗa dawa da wake a layi, da yadda suke tuge ciyawar kafin ta yi fure. Mutumin Gondar ya kawo batun taki da sauya shuka da riɗi. Suka shirya kowa ya gwada abu ɗaya a ƙasarsa idan damina ta faɗi, su haɗa sakamako.

Wata safiya ta buɗe shafin kwas ɗin, sai ya ƙi shiga. Wani rubutu ya fito cewa ba a buɗe shi ga masu shiga daga ƙasarta, saboda takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasar. Ta kashe kwamfutar ta kunna har sau biyar. Ta fita ta zaga kasuwar buhuna, ta dawo, ta sake gwadawa. Taha ya ce, "Khalas, shi ke nan, ki haƙura. Wannan faɗan manya ne."

Ta ce, "To ni me na yi musu? Ciyawa nake karantawa."

Hanatu ce ta samo hanya. Kullum sai ta saurari darasin, ta maimaita mata shi da Hausa a saƙon murya. Abin da Ummuhani ta rubuta kuma ta tura wa mutumin Gondar, shi ya saka a shafin da sunan rukuni. Haka suka yi wata biyu.

Da ruwan farko ya sauka ta hau lori zuwa ƙauye. Baƙar laka ta riƙe motar a hanya, ta ƙarasa a ƙafa da takalmi a hannu. Ta sami mahaifinta yana gyara garma.

"Baba, ina son ka ba ni yanki a gonar gabas."

"Na me?"

Ta yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wata mata a Nijar da ba ki taɓa ganin fuskarta ba, ita za ta koya mini noma?"

"Ba ita kaɗai ba. Su ma suna son su ji abin da ka sani."

Wannan ya sa ya ajiye garmar. Ya gaya mata cewa inda shanu suka taɓa kwana buda ba ta yin ƙarfi, kuma dawar da aka shuka da wuri ta fi shan wuya. Ta ɗauki muryarsa a waya ta tura wa Hanatu. Washegari ta kunna masa amsar Hanatu tana gaishe shi da "Baba". Sai ya auna mata taku sittin daga bakin itacen aduwa.

Duk Juma'a tana hanya tsakanin gari da ƙauye. Ta shuka wake tsakanin layukan dawa, ta zuba taki, ta tuge ciyawa har hannunta ya yi kanta. A watan Agusta ruwa ya yi yawa, ya kwanta a rabin yankin nata, waken ya ruɓe. Rabin da ya tsira kuwa ya yi kyau fiye da gonar da ke kusa da shi, ko da yake ba sosai ba. Ta so ta ɓoye asarar, Hanatu ta ce a rubuta komai yadda ya faru.

Rukuninsu ya gama. Sauran ukun suka karɓi takardar shaida, ita ba ta samu ba, domin rajistarta a rufe take. Ta yi kwana biyu ba ta amsa saƙon kowa. A rana ta uku mahaifinta ya kira ta a waya, abin da bai saba yi ba. Ya ce maƙwabtansa uku sun zo sun ga layin waken, suna tambaya.

"Ki zo ki yi musu bayani da bakinki. Ni na manta rabinsa."

"Baba, rabin gwajin ai ya lalace."

"Sun gani. Shi ya sa suke son jin inda kika yi kuskure."

Ta roƙi Taha hutun kwana biyu. Kafin ta kai tashar mota ta riga ta tura wa Hanatu tambaya kan irin waken da ke jure ruwa, tana tafe tana duba wayar ko amsa ta shigo.